RUMBUN TSIMI NA ZAMANI: Yadda Iyali Za Su Kafa Ma'ajiyar Hotuna Da Takardu A Gida

Kowane ɗan ƙasar Gobir ya san rumbu. Tun yana yaro ya ga yadda ake ɗora shi bisa duwatsu don kada gara ta hau. Ya ga yadda ake yi masa jinka don kada ruwa ya shiga. Ya kuma ga yadda maigida mai hankali yakan ware rumbun tsimi, wanda ba a taɓa shi sai ran da abu ya ɓaci. Kakanninmu sun ce ajiya maganin wata rana, sun kuwa faɗi gaskiya.

Yau muna da wata irin dukiya wadda kakanninmu ba su sani ba. Hoton ranar aure, muryar tsohuwa tana ba jikoki tarihin gidansu, hoton takardar gona, sakamakon jarrabawar yara, waƙoƙin da iyali suke so, duka suna cikin wayar hannu. Waya kuwa aljihu ce. Wa ya taɓa zuba amfanin gonarsa na shekara goma cikin aljihu ya shiga kasuwa?

A watan nan muna so mu yi magana a kan wani sabon irin rumbu. Masana kwamfuta suna kiransa saba, waɗansu kuma su ce uwar garke. Mu dai za mu kira shi rumbun gida. Ƙaramar kwamfuta ce wadda ake ajiyewa wuri ɗaya cikin gida. Aikinta shi ne ta riƙe kayan iyali, ta ba kowace waya ta gidan abin da ta nema, ko da babu sabis, ko da babu data.

DALILIN DA YA SA MUKA TA DA MAGANAR

Mutanen Sabon Birni da Isa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan hasara. Shekara da shekaru ke nan 'yan bindiga suna ta da ƙauyuka a gabashin Jihar Sakkwato. A shekarar 2019 kaɗai, mutum fiye da 40,000 daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetare iyaka zuwa yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Mai gudun ransa da tsakar dare ba ya tsayawa neman akwatin takardu.

A watan Satumba na 2021 kuma, gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Isa da Sabon Birni suna cikinsu. Aka yi makonni babu kira, babu saƙo. Duk wanda ya ajiye hotunansa da takardunsa a intanet kaɗai, ya ga yadda abinsa ya zama kamar hatsi a rumbun wani gari, hanya kuwa a rufe.

Kada mai karatu ya ce wannan matsalar ƙauye ce. Ran 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet da suke ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma suka sha wahala, har da manyan biranen Nijeriya. Har wa yau, ajiyar intanet tana da nata sharuɗɗa. Google yana ba kowa gigabait 15 kyauta, bayan haka sai biya. Tun Disamba 2023 kamfanin yana da ikon share asusun da aka bari shekara 2 ba a taɓa ba. In kuwa layin mutum ya ɓace, sau da yawa ba ya iya shiga asusunsa, gama ta layin nan ake aiko masa lambar shiga. A Janairu 2025 kuma hukumar NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100.

Mu ma a gidanmu mun ɗanɗana. Wata gwaggonmu ta iso mana daga wani ƙauye na ƙasar Sabon Birni, daga ita sai zanen jikinta da jikanta a baya. Wayarta ta faɗi a hanya. Ba kuɗin wayar ya sa ta kuka ba. A ciki ne hoton mijinta marigayi yake, shi ke nan kuwa guda ɗaya da ya rage a duniya. Tun daga ranar muka ƙudura mu gina rumbu.

KAYAN GINI

Abu huɗu ake bukata: kwamfuta, faifan ajiya, na'urar waifai, da wuta.

Kwamfuta. Ba sai sabuwa ba. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da gilashinta ya tsage, za ta yi aikin. Tana da wani amfani babba, watau batirin jikinta, wanda zai riƙe ta in wuta ta ɗauke farat ɗaya. Sai dai a duba batirin. In ya kumbura, a cire shi nan da nan, gama yana iya kama wuta. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 2012. Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Samfurin Raspberry Pi 4 na 2019 yana aiki da bolt 5, kamar cajar waya, wutar da yake ci kuwa wajen wat 3 zuwa 7 ce.

Faifan ajiya. Shi ne cikin rumbun. Iri biyu ne. Akwai mai juyawa, wanda ake rubuta HDD a kwalinsa. Yana da araha, yana cin kaya da yawa, amma in ya faɗi yana cikin aiki, sau da yawa ya mutu ke nan. Akwai kuma SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi tsada, ya fi jure jijjiga da tafiya. Faifai mai terabait 1, watau gigabait 1,000, zai ɗauki hotunan waya wajen 250,000 in kowane hoto megabait 4 ne. Muryar awa ɗaya ba ta wuce megabait 60 ba. Ashe ga yawancin gidaje terabait 1 ya isa a fara.

Mu yi hankali da jabu. Mun taɓa sayen filashi a wata kasuwa, an rubuta masa babban adadi, kuɗinsa kuwa kamar kyauta. Muka zuba masa hotuna, ya karɓa ba musu. Da muka zo buɗewa, rabinsu babu. Irin waɗannan an yi musu dabara ne su riƙa faɗin ƙarya a kan girman cikinsu. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw wadda take cika filashi ko memori har baki, sa'an nan ta karanta ta ga ko gaskiya ne. A gwada kafin a ba shi amana. Araha ba ta ado.

Na'urar waifai. Ita ce take haɗa wayoyin gida da rumbun. Mutane da yawa suna tsammani waifai da intanet abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Waifai kamar hanyar cikin gida ce daga ɗaki zuwa rumbu, intanet kuwa babban titi ne zuwa waɗansu garuruwa. Ko an tare titi, hanyar cikin gida tana nan. Saboda haka ba a bukatar layi ko data cikin na'urar nan. A ajiye ta a tsakiyar gida, a sama kaɗan, gama katangar ƙasa mai kauri tana rage ƙarfinta.

LISSAFIN WUTA

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Bari mu yi lissafi tare. Raspberry Pi da faifai da na'urar waifai, duka a haɗe, suna cin wajen wat 15. In an bar su dare da rana, 15 sau 24 ya zama 360, watau ma'aunin wutar da za su sha a yini. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1,200, amma in irin na darma ne, rabi kaɗai ya kamata a sha, in ba haka ba zai mutu da wuri. Farantin sola mai wat 100 yana iya ba da wajen 400 a yini mai rana sosai. Kun ga ya isa, amma da ƙyar, balle da damina ko lokacin hazo.

Shawararmu ita ce, kada a bar shi dare da rana. Rumbun hatsi ma ba a yini ana buɗe shi. In an kunna daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na dare, 15 sau 5 ya zama 75 kaɗai. Ƙaramin sola da yake cajin waya da kunna fitila zai iya ɗaukar wannan.

Abu guda dai tilas ne kowa a gidan ya koya: ba a zare wayar wuta haka kawai. Sai a umarci kwamfutar ta kashe kanta, a jira fitilarta ta daina ƙiftawa. In wuta ta yanke tana cikin rubutu, abin da take rubutawa zai lalace, wani lokaci har da abin da ke kusa da shi.

ZAFI DA ƘURA

Garar wannan rumbu su ne zafi da ƙura. A ƙasarmu, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka nesa. Yawancin faifai masu juyawa an yi su ne su yi aiki ƙasa da digiri 55 ko 60, shi kuma faifan yana ƙara nasa zafin. Raspberry Pi yakan rage gudunsa da kansa in ya kai digiri 80.

Saboda haka ɗakin soro ko na ƙasa ya fi ɗakin kwano. A ɗora kayan bisa kanta, nesa da ƙasa, nesa da taga, nesa da madafa da randa. Kada a rufe su da zane don gudun ƙura, gama zane yana tare iska. Akwatin katako mai ramuka, da ragar sauro a bakin ramukan, ya fi. Lokacin hunturu a riƙa share ƙura kowane mako, bayan an kashe na'urar.

YADDA AKE HAƊAWA

Kashi na farko yana bukatar intanet mai kyau, sau ɗaya tak. In sabis ba shi da ƙarfi a garinku, a yi shi a Sakkwato ko wani babban gari. In ba ku saba ba, ku nemi mai gyaran kwamfuta wanda kuka yarda da shi, ko ɗalibi cikin 'ya'yanku. Amma ku zauna tare da shi, ku riƙe littafi da alƙalami. Rumbun da mutum ɗaya kaɗai ya san ƙofarsa, ran da ya yi tafiya iyali sun kwana da yunwa.

1. A sa wa kwamfutar manhajar OpenMediaVault. Kyauta ce, an gina ta bisa Debian, an kuwa yi ta musamman don wannan aiki. Ku sani, sa ta yana share abin da ke cikin kwamfutar, sai a kwashe tukuna.

2. A haɗa kwamfutar da na'urar waifai da waya, gama waya ta fi iska tabbas. Na'urar za ta ba ta lamba, irin su 192.168.1.10. Wannan lamba ita ce adireshin rumbun. A tsai da ita don kada ta riƙa sakewa, a kuma rubuta ta cikin littafi.

3. A rubuta lambar nan a burauzar waya, shafin kula da rumbun zai buɗe. Abu na fari, a sake kalmar sirrin da ya zo da ita, gama duk duniya an san ta. Haka kuma ta na'urar waifai.

4. A shirya faifan ajiya, a raba shi ɗaki ɗaki: Takardu, Hotuna, Muryoyi, Makaranta, Kallo.

5. A buɗe hanyar rabo mai suna SMB, wadda wayoyi da kwamfutoci suke ganewa. A yi wa maigida da uwargida nasu mabuɗi, yara kuma nasu dabam, wanda zai bar su su duba amma ba zai bar su su share ba.

6. In kwamfutar tafi-da-gidanka ce, a gyara ta don kada ta yi barci sa'ad da aka rufe murfinta.

Don kallo da sauraro, manhajar VLC a waya ta isa. Tana ganin rumbun, tana kunna abin da ke ciki. Wanda yake son ƙari sai ya sa Jellyfin, wadda take jera fina-finai da waƙoƙi kamar kanti. Don 'yan makaranta akwai Kiwix, wadda take kawo Wikipedia dungum cikin rumbu, har da ta Hausa, a karanta ba data. Akwai kuma Kolibri mai darussan lissafi da kimiyya. Inda tashin hankali ya hana yara zuwa makaranta, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

ME ZA A FARA ZUBAWA?

Jarabar da za ta zo ita ce a cika shi da fina-finai tun ranar farko. Mu yi haƙuri. Fim in ya ɓace, masu turawa a waya suna nan a kasuwa. A fara da abin da in ya tafi ba mai dawo da shi.

Na fari takardu: takardar haihuwa, ta lambar NIN, katin zaɓe, sakamakon WAEC da NECO, takardar gona ko ta fili, takardar aure, katin baftisma, katin rigakafin yara. A shimfiɗa kowace a inuwa mai haske, a ɗauki hoton gaba da baya, a tabbata lambobi suna karantuwa. A sa wa kowane hoto suna da shekara. Hoto ba zai zama madadin ainihin takarda a ofis ba, amma mai neman sabuwa da lamba a hannunsa ya fi wanda ya zo hannu wofi.

Na biyu, tsofaffin hotuna na kati, waɗanda suke cikin akwatin uwargida.

Na uku, muryoyin tsofaffi. A nan muna roƙonku ku dakata ku yi tunani. Alƙalawa, babban birnin Gobir, wanda kufansa yake ƙasar Sabon Birni, ya faɗi a 1808. Yawancin abin da muka sani game da zaman mutanensa, daga baki ya zo, abin da bakin bai riƙe ba kuwa ya tafi. Amma Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya rasu fiye da rabin ƙarni, ga shi har yau muna jin muryarsa. Me ya sa? Domin wani ya ɗauka, wani kuma ya adana. Kakarku ba ta da makaɗi, ba ta da gidan rediyo. Ku ne kaɗai za ku ɗauke ta. Ku tambaye ta sunayen iyayenta, garin da suka fito, iyakar gonarsu, waƙar da take yi a bakin turmi. Ga iyalin da aka raba da ƙauyensu, wata rana wannan murya ita ce za ta nuna wa jikoki inda suka fito.

RUMBU MA YANA ƘONEWA

Yanzu mun zo ga magana mafi nauyi. Wanda ya kwashe kome daga waya ya zuba a rumbun gida, ya share na wayar, bai tsira ba tukuna. Ya sake wa hatsarin wuri ne kawai. Kowane faifai zai mutu wata rana. Kamfanin Backblaze na Amurka, mai dubban faifai cikin ɗakuna masu sanyi, yakan buga lissafinsa kowace shekara: wajen 1 zuwa 2 cikin 100 suna mutuwa a shekara. In haka yake a ɗakin sanyi, ina ga namu? Ban da haka akwai gobara, da ambaliya a fadamar Rima, da ɓarawo, da daren gudu.

Manomi ya riga ya san maganin. Ba ya ajiye irin shuka duka wuri ɗaya. Masana ma haka suka ce: kwafi 3, a kan abu iri 2, guda 1 kuma a wani gari.

Kwafi na fari yana cikin rumbun gida. Na biyu yana cikin faifai dabam, wanda ake haɗawa sau ɗaya a wata, a kwafa, a cire, a ɓoye. Kada a bar shi a haɗe, gama tsawa ko kuskuren hannu zai ci su tare. Na uku yana wurin ɗan'uwa amintacce a Sakkwato, ko Gusau, ko Kano, ana sabunta shi duk sa'ad da aka sami mai tafiya. Ɗakin Takardu kuwa, da yake ba shi da nauyi, ana iya sa shi a intanet kuma. Ba mu ce a guji intanet ba. Mun ce kada ya zama shi kaɗai.

Muna ƙara abu guda saboda halin da muke ciki. A sami ƙaramin memori na gaske, a zuba masa takardu da zaɓaɓɓun hotuna da muryoyi, a naɗe shi cikin leda, uwargida ta ɗinke shi wurin da ba ya rabuwa da ita. Bai kai farce girma ba. Amma memori ba ya son zafi da daɗewa a ajiye, sai a riƙa duba shi, a sake zuba masa kowace shekara. Haka ma sauran kwafin: sau biyu a shekara a buɗe, a ga ko suna nan da rai.

MAKULLI

Abin da ya taru wuri ɗaya yana da daɗin ɗauka ga mai mugun nufi. Duk kwafin da zai fita daga gida, a kulle shi da kalmar sirri. Manhajar VeraCrypt tana yin wannan kyauta. Amma ku ji da kyau: in kalmar ta ɓace, ba wanda zai iya buɗe muku, ko wanda ya yi manhajar. Bari mutum biyu su san ta, maigida da uwargida, a kuma rubuta a ajiye nesa da faifan.

Kada a ajiye lambar sirrin banki a ciki. Kada a tara sunaye da hotunan maƙwabta ba da saninsu ba. Kada a buɗe rumbun ga intanet a farkon koyo, a bar shi na cikin gida. Kada kuma a yi ta shelarsa a gari. A wannan zamani, abin da ido bai gani ba ya fi kwana lafiya.

Ga iyaye kuma akwai wata riba. Yaro da waya da data yana yawo ne a kasuwar duniya shi kaɗai. Abin da ke cikin rumbun gida kuwa, ku kuka zaɓa, kun san shi. Ku zauna ku kalla tare, ku yi hira a kai.

A FARA DAGA YAU

Watakila wani zai ce, duk wannan sai mai hali. Gaskiya ne kayan suna cin kuɗi, farashinsu kuma yana bin dala. Amma gidaje biyu ko uku na dangi suna iya haɗa hannu, kowa da ɗakinsa da mabuɗinsa. Wanda kuma bai iya kome ba tukuna, yana iya sayen memori biyu na gaske a wannan mako, ya ɗauki hoton takardun gidansa, ya riƙe ɗaya, ya aika ɗaya wurin ɗan'uwansa. Ya kafa duwatsun rumbu ke nan, saura gini.

Gwaggonmu tana nan tare da mu. Hoton mijinta bai dawo ba. Amma mun zaunar da ita dare uku, ta ba mu labarinsa, da na ƙauyensu, da sunan kowace gona. Muryarta yanzu tana wuri uku. Da yamma in an kunna rumbu, jikanta yakan ce a sa masa Kaka, ita kuwa tana zaune a gefe tana dariya, tana gyara wa kanta inda ta yi mantuwa.

Maigida, uwargida, tsofaffin gidanku fa? Wa ya ɗauki muryarsu?